Inna a Kujerar Baya

Ni fa tun ranar da na ɗora ido a kan motar nan hankalina bai kwanta da ita ba. 'Yar ƙarama ce, ja wur, gajeriya kamar an datse mata gindi, cikinta kuwa saura ƙiris ya taɓa ƙasa. Ƙofa biyu gare ta, ɗaya dama ɗaya hagu, sai murfin but da ke ɗagawa sama gaba ɗaya har da gilashinsa. Wani abokin maigidana ne ya kawo ta gidanmu a Rijiyar Zaki, Alhaji ne mai shigo da motoci daga Kwatano, don ya ji ina neman canji. Tsohuwar motata ta gaji, ni ma na gaji da roƙon a tura ni a bakin asibitin da nake aiki, 'yan jinya suna kallo.

"Hajiya, wannan gas take sha, wato dizal, ba fetur ba," in ji Alhajin. "Ki riƙe ta ki gwada, ki je duk inda kike so. In ba ta yi miki ba ki dawo min da abata."

Ya tayar da ita, sai na ji kaf-kaf-kaf kamar injin niƙa. Na ce, "Alhaji, mota ce wannan ko markaɗe za mu buɗe?" Ya yi dariya ya ce in bari sai na hau titi. Ya nuna min yadda ake kwantar da kujerar gaba ta dama, mutum ya sunkuya ya shige baya. Ta direba kuwa mariƙinta ya karye, ba ta kwanciya. Ya ce ƙaramin abu ne, za a gyara in na saya.

A gidanmu ba a sayen babban abu sai an kai shi gaban mahaifiyarmu ta dafa ta sa albarka. Saniya ce, keken ɗinki ne, babur ne, duk haka aka yi musu. Don haka ranar Asabar da hantsi na kama hanyar ƙauyenmu, can gaba da Ɗambatta, ni kaɗai.

Tun daga ƙofar gida ta fara nuna min hali. Kulocinta tauri gare shi, ina ɗaga ƙafa ta yi tsalle, saura kaɗan in kwashe teburin mai lemo. Na taɓa birki yadda na saba taka na tsohuwa, goshina ya kusa gaisawa da gilashi, jakata ta zube a ƙasa. Sitiyarin ɗan ƙarami ne mai kauri, kuma ba ya jiran a roƙe shi. Tsohuwar motata sai ka juya, ka ƙara juyawa, kafin ta yarda cewa da ita kake. Wannan kuwa ko atishawa ka yi ta canja hannu. Haka na ratsa cikin gari ina riƙe da ita kamar mai ɗauke da tafasasshen ruwa.

Da na fita gari titi ya buɗe, sai na tarar da wata tirela ta tare hanya tana tafiyar hawainiya, tana busa min baƙin hayaƙi. Na leƙa, ba kowa a gaba. Na ce bari in ɗan taka totur in wuce. Da farko shiru ta yi kamar tana shawara. Can sai wani ɗan fito ya taso daga gaba, fiii, na ji an danna bayana a jikin kujera kamar wani ƙato ya ture ni. Kafin in gama bisimilla tirelar ta koma 'yar mitsitsiya a madubi. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ba ta ihu. Motar fetur in tana gudu takan yi kuka, kai ma ka san kana gudu. Wannan da na sa ta a giya ta shida sai ƙarar niƙan nan ta ɓace gaba ɗaya, ta yi lum, kai ka ce a tsaye take. Sai da na dubi maleji na ce innalillahi, na janye ƙafata.

Ga ta da tauri kuma. Duk tsakuwar da ta taka sai ta kawo wa ƙashin bayana rahoto. Da na sauka daga kwalta na hau burjin garinmu, nan ido ya raina fata. Hanyar tsakanin gonaki ce, gona manne da gona, ba inda za ka kauce sai ka hau kunyar wani. Amalanke ya ci gefe da gefe ya bar tudu a tsakiya, cikin motar ya riƙa gurzar tudun nan, ƙurrr, ni kuma ina jin sa a haƙorina. Lokacin kaka ne, an yanke gero, ana kan dawa, jakuna na ta fitowa daga cikin kara ba sallama. Da ƙyar na kai ƙofar gida, ƙafata ta hagu ta gaji da taka kuloci.

Yayana, wanda shi ke riƙe da gidan tun rasuwar Baba, ya fito ya zagaya motar yana taɓe baki. Aka fito da Inna a hankali, tana dogara sanda. Inna mace ce mai jiki, kuma sanyin ƙashi ya cinye mata gwiwoyi, daga ɗakinta zuwa zaure sai ta huta a hanya. Ta dafa bonet, ta yi addu'arta, ta tofa. Sannan ta ce, "Auta, tunda ga mota har gida, kai ni in duba 'yar'uwata. An ce jikin nata ya ƙi daɗi." Ƙanwarta take nufi, wadda ke aure a wani ƙauye ta hanyar Kunci.

To wa zai ce wa Inna a'a? Na buɗe ƙofar dama na ce, "To Inna, zauna nan gaba, ya fi sauƙi."

Yaya ya dube ni kamar na yi saɓo. "Gaba? Inna ce za ta zauna a gaba kamar karen mota? Ina kika taɓa ganin an sa babba a gaba?"

Na ce, "Yaya, motar nan ba ta da ƙofar baya, buɗe idonka ka gani."

"To don me aka yi kujerar in ba don a zauna ba?"

Raina ya ɓaci. Na ce da shi mutumin da ko amalanke bai taɓa kora ba shi zai koya min mota? Inna ta ce, "Kul, Auta. Ba a yi wa yayanki haka. Ni ma ba na zama a gaba gari ya yi ta kallona." Shi ke nan, magana ta ƙare.

Shigar da ita ba ƙaramin aiki ba ne. Na kwantar da kujerar dama na shige baya ina janta, Yaya yana tallafe da ita daga waje, ƙafa ɗaya ta shiga, ɗayar ta ƙi lanƙwasuwa, tana cije leɓe tana kiran sunan Allah. Mun yi gumi mu duka uku kafin ta zauna. Na lallaɓa na fito, aka mayar da kujera. Ban gama numfashi ba sai ga Yaya da tsaraba, don Inna ba ta zuwa gidan kowa hannu rabbana. Kabewa ta cika but ɗin taf. Rabin buhun sabon gero kuwa ya rasa wuri, sai ya ɗora shi a kujerar gaba, wadda ita kaɗai ce hanyar fitar Inna, har ya ɗaura masa bel yana dariya.

Na zauna na dubi madubi. Ga Inna can a baya, dama buhu ya toshe, hagu kujera ba ta kwanciya, gilashin gefenta kuma ba ya sauka, ɗan buɗewa kawai yake wanda tafin hannu ma ba zai wuce ba. Abu ɗaya ya tsaya min a rai: in wani abu ya faru a hanya, ta ina zan fitar da ita?

Saboda haka na riƙa tafiya kamar mai bin gawa. Muna cikin burji wani tsoho a kan jaki ya wuce mu har ya yi mana sannu. Inna ta ce, "Auta, ashe da sandata na taho da na riga ki."

Na ce, "Inna, ba ki san halin motar nan ba."

"Ke dai faɗi gaskiya, matsoraciya ce. Tun kina ƙarama ko zakara ya yi cara sai kin ruga bayana."

Muka hau kwalta. Siririya ce amma sumul, ba rami, kuma babu motoci sosai. Inna ta zuro sandarta ta tsakanin kujeru ta zungure ni a kafaɗa. "Sake ta mana! Ba an ce tana gudu ba?"

Na taka kaɗan don ta ƙyale ni. Fiton nan ya taso, motar ta zabura. Sai na ji wani abu da na daɗe ban ji ba, Inna tana ƙyalƙyala dariya kamar budurwa. "Kai! Kai! Ƙara, Auta, ƙara!" Itatuwan ɗorawa suka riƙa wucewa fit, fit. Ta ce rabonta da ta ji jikinta ya yi sauri tun kafin gwiwoyin nan su kama ta, tun tana bin akuya da gudu a bayan gida. Ina son in sassauta, amma dariyar nan ta hana ni. Muka zo wata doguwar kwana, na ga na makara wajen rage gudu, na rintse zuciyata na karya sitiyari. Tsohuwar motata da nan za ta kwanta gefe guda tana kukan taya. Wannan ko gezau, ta bi kwanar kamar an ɗinke ta da titin, buhun gero ne kawai ya jingino da kafaɗata. Gaskiya kam, a nan na san motar ta iya aikinta. Ni ce ban iya ta ba, kuma uwata ce a ciki.

Mun yi tafiya mai ɗan nisa a haka kafin mu hango wani ƙauye mai 'yar coci a bakin hanya. Na rage gudu. A gabanmu an baza busasshen waken suya da karansa a kan kwalta, daga wannan gefe zuwa wancan, ya yi tudu. Haka mutanen bakin titi suke yi da kaka. Maimakon su wuni suna bugu da sanda, sai su baza a hanya motoci su taka musu, su kuma su share su sheƙe. Direba ba ya kauce wa irin wannan, rashin kirki ne, taimako ne da ba ya cin ka komai. Na sha takawa da tsohuwar motata, har a ɗaga min hannu a yi godiya. Matan ƙauyen suna tsaye a gefe da tsintsiya da ƙorai, wata doguwa a cikinsu tana yi min alama da hannu in taho.

Inna ta ce, "Taka musu, ki samu lada."

Na shiga a hankali. Abin da ban lissafa ba shi ne motar nan ba ta da tsayin da za ta haye. Maimakon ta taka, sai ta riƙa shara, tana tura karan a gabanta tana cusa shi a ƙarƙashinta. Muka kai tsakiya, na ji ta yi nauyi, ta ɗago, ta tsaya cak. Na taka totur. Ƙarfin nan nata da ya wuni yana tsorata ni ya zo gaba ɗaya, tayoyin gaba suka hau juyawa a wuri ɗaya, wake yana fallatsa kamar tsakuwa. Na sa ribas, haka. Na sake sa ta gaba, haka. Sai na ji ƙauri.

Doguwar matar nan ce ta fara ƙwala ihu. "Wuta! Hajiya, wuta a ƙarƙashinki!"

Salansar da ta sha gudu ta yi zafi, ga busasshen kara an danna mata. Na kashe mota na fito ban san yadda na fito ba. Hayaƙi fari yana bulbulowa daga ƙasa, ta ɓangaren dama kuwa har harshen wuta ya fito yana lasar ƙofa, iska na ƙara hura shi cikin tudun waken. Ƙofar da za a bi a ciro Inna ke nan. Na zagaya zan kama ta, zafi ya koro ni. Na dawo hagu na kama kujerar direba ina jijjiga, ina duka, ina zagin Alhaji da motarsa da wanda ya ƙera ta. Ko motsi ba ta yi ba.

Inna kuwa tana zaune, ta ɗora hannu a kan sanda. Hayaƙi ya fara shiga. Ta yi tari ta ce, "Auta, matsa daga nan. Matsa, na ce."

Wannan magana ita ta kusa kashe ni. Ina kuka ina cewa, "Wayyo Inna! Wayyo na shiga uku! Jama'a, uwata ce a ciki!" Matan sun riga sun hau wutar da ƙasa da ɗanyen reshe, wata tana kiran Yesu, ni ina innalillahi, duk muryoyinmu sun cakuɗe. Na duba ko'ina a jikin motar ina neman ƙofa, kamar in na ƙara dubawa wata za ta tsiro. Sai idona ya faɗa kan but.

Na ɗaga murfin na hau watsar da kabewa, suna gangarawa a titi. Na fizge allon da ke rufe kayan na jefar. Na haye ciki da rarrafe, hayaƙi ya cika min ido. Kujerar baya rabi biyu ce. Na laluba saman rabin da Inna ba ta kai, na ji wani ɗan maɓalli, na ja da dukkan ƙarfina, ya kife gaba. Hanya ta samu, amma Inna ba za ta iya juyowa ta rarrafo ba, gwiwoyin ba za su yarda ba.

Na ce, "Inna, kwanta. Kwanto da bayanki jikina."

"Ɗankwalina zai faɗi."

"Inna, don girman Allah ki kwanta!"

Ta saki sandar ta kwanto. Na zura hannuwana a ƙarƙashin hammatarta na ja. Nauyinta ya fi ƙarfina. Ina jin zafin ƙarfen but ɗin a gwiwata, ina jin ƙarar karan yana ci a ƙarƙashinmu, ƙas-ƙas-ƙas. Sai na ji an kama ƙuguna daga baya. Doguwar matar ce, hannunta kamar na namiji, ta ja ni, ni na ja Inna. Ƙafafun suka maƙale a bakin kujera, Inna ta yi wata ƙara da har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Wata ta zura jiki ta ƙofar direba ta ɗaga mata su. Muka fito da ita a kwance, kai ne a gaba.

Ba ta iya tsayuwa, kuma ba lokacin gwadawa. Wata ta kwance mayafinta aka shimfiɗa, muka ɗora ta, mata biyu a dama biyu a hagu, ni ina tallafe da kanta da hannu biyu. Haka muka tsallaka kwalbati da ita muka shiga gona, muka sauke ta a gindin wata ɗorawa.

Kafin nan maza sun taho daga gonaki a guje. Suka ture motar daga kan tudun, suka zaƙulo karan da sanda, suka binne wutar da ƙasa. Ƙofar dama ta yi baƙi, robar ƙarƙashi ta narke tana ɗiga. Daga baya aka ce min gas ba ya tashi kamar fetur, wai da motar fetur ce da labari ya sha bamban. Ni dai a lokacin ban san wannan ba, kuma da na sani ma ba zai rage min komai ba. Waken doguwar matar kusan rabi ya ƙone. Inna ta ce a ciro geron nan a ba ta. Ta ƙi, ta ce ai ita ta kira mu. Inna ta ce, "'Yar nan, ni ba a mayar min da kyauta." Ta karɓa tana share ido.

Na zauna a ƙasa kusa da Inna. Na duba ta tun daga kai har ƙafa irin na aikina. Ba ƙuna, sai gwiwar hagu da ta kumbura. Ta gyara ɗankwalinta, tana kallon ganyen ɗorawa. Can ta ce, "Auta, ke ce kika riƙe kaina?"

Na ce, "Ni ce, Inna."

"To kin iya. Ko girgiza ban ji ba." Ta ɗan yi murmushi. "Kin ga, ranar da za a yi ta gaske ba za su bar ki ki kama ba, maza ne za su ɗauka. Gara da kika samu rabonki yau."

Na ce, "Haba Inna! Wace irin magana ce wannan? Ki bari, don Allah." Na kifa kaina a cinyarta na yi kukan da ban samu yi ba ɗazu, tana shafa bayana tana cewa ai ta faɗa, matsoraciya ce.

A bayan wata akori-kura aka mayar da motar Kano. Maigidana da Alhaji suka daidaita a tsakaninsu, ni ban ko leƙa ba. Inna kuwa a gidan gaba na wata bas ta koma gida, Yaya da kansa ya buɗe mata ƙofar.

Ta ƙara ganin kaka, ta ga wata kakar, sannan a wata damina ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Mu muka yi mata wanka, muka shirya ta. Maza suka shigo da makara suka ɗauka, Yaya yana gaba. Ni ina cikin mata a tsakar gida, iyakata ke nan. Zaurenmu yana da wata 'yar kwana mai matsi, da suka zo wucewa sai makarar ta karkata, wajen kan ya yi ƙasa. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ji bakina yana cewa, "Yaya, kan! Ku kula da kan!"

Mata suka riƙe ni suka zaunar da ni, ana ce min in yi haƙuri, in yi salati. Yaya bai waiwayo ba. Amma na ga ya sauya kafaɗa, ya sa tafin hannunsa ya tallafe wajen, har suka fita.